Ka Saki Akwatin Dije Kafin Ranar Suna

Ƙofar Atiku, Sakkwato.

Zuwa ga maigidana Bello, angon da ya tsere Abuja ya bar amarya da jikokin wasu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin baƙon gari, Ya riƙe maka ƙafar tsani duk sadda ka hau shi, Ya nisanta hannunka da wayar da ke da wuta. Amin. Na gama addu'a. Yanzu gyara zama, faɗa zan yi.

Na san za ka ce, "Inna Ige, ga waya a hannunki, mi ya kai ki ga biro?" Wayar ce ba ni so. In na kira ka, kafin in kai tsakiyar magana ka sa ni dariya, ka ce tsohuwa ta yi kewar miji, in manta abin da ya kawo ni. Takarda kuwa ba ka iya katse ta. Rubutun ka yi haƙuri da shi, na ajin yaƙi da jahilci ne. Inda ya karkace ka miƙe shi da kanka, ai kai ne injiniya.

Labarin gida ba za ka samu ba a nan. Kowa lafiya, ya ishe ka. Maganar Dije ce ta sa ni zama.

Hajiya Dije dai, in Abuja ta riga ta wanke maka kai, ita ce maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba mu tun muna amare. Ita ta goya ka sadda uwarka ke kwance asibiti, ka yi mata fitsari a baya har ba adadi. Yau gwiwoyinta ba su kai ta ko zaure. Ɗiyarta Luba tana can Alƙahira wajen mijinta. Ɗakin Dije ginin ƙasa ne na mutanen da, mai kaurin da sabis ɗin waya ba ya ratsawa, shi ya sa ɗanta Sani ya ja mata waya daga saman rufi ya aje mata wani ɗan akwatin waifai kusa da gado. Da wanga akwati take ganin fuskar Luba. Ba ta da wata taga sai shi. Riƙe wannan, zan dawo kanshi.

Sadda Baffanka Mu'azu ya ƙara bene a makarantar da ya gina a gaban gidanmu, ya ba ka aikin haɗa mata waifai, wa ya kai ni murna? Na zauna a baranda ina kallonka kana liƙa waɗannan fararen abubuwa a silin, aji bayan aji. Kai kana kiransu da wani dogon suna na Turanci, ni kuwa fayafayai nake ce musu, don da faifan rufe ƙwarya suke kama. Ka ce mini kowane ɗaya yana ba ɓangarensa sabis, kuma duka kana juya su daga kwamfutarka kamar mai kiwo da sanda guda. Na ce to, Allah Ya ba ni miji mai kiwon fayafayai.

Ɗaya ka liƙa shi a bangon madafata ta wajen baranda, don ya ba ofishin hedimasta. Ba ka ce mini komi ba, ka sauko daga tsani ka tafi. Abin yana da wata shuɗiyar fitila kamar idon mage, ina cin abinci tana kallona, ina alwala tana kallona. Na ja turmi, na kife shi, na hau, na rataya mashi babban tiren ƙarfe na biki a fuska. Na samu lafiya. Kai kuwa ka shigo kana kumfar baki wai na kashe ofis, wai ƙarfe yana tare sabis. Awo, na yi kuskure, na ji. Amma ina na san ƙarfe da sabis ba su ga maciji? Ga nasiha ta fari: duk gidan da ka shiga za ka liƙa abu, ka tara masu shara da masu girki da masu gadi, ka ce musu ga abin da yake, ga abin da ba ya so. Manyan da sunka ba ka aikin suna ofis a zaune. Mai tsintsiya da mai tire su ke kwana da kayanka.

Daga nan sai ƙorafi ya fara. Kullum da safe, daidai sadda malamai ke kiran sunan yara a allunansu na zamani, sai sabis ɗin ofis ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke. Baffanka ya fara kallonka irin kallon da yake yi wa magini in bango ya tsage. Ka ƙure wa fayafayan ƙarfi gaba ɗaya, abin ya ƙara lalacewa. Rannan na iske ka ƙarƙashin darbejiya, ka ɗora kwamfuta a cinya, kana murmushin mugunta.

Ka ce, "Inna, na kama ɓarawon."

Na ce, "Wane ne, maigida?"

Ka ce, "Akwatin gidan Hajiya Dije. Shina kan layi ɗaya da namu, shina cika mana iska da surutu."

Na ce, "To mi za ka yi mashi?"

Ka ce, "Ai na gama. Na sa fayafayaina su riƙa yi mashi tsawa. Duk wayar da ta nemi ta kama shi, su kore ta."

Ni kuma, Bello, sai na yi dariya. Har da tafi. Na ce, "Kai, mijina jarumi, har akwati yake wa tsawa!" Na ɗauka wasan yara ne, akwati da akwati, su ƙare can. Ban tambaye ka ba, wayar wa za a kora? Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na tire nauyi. Nasihar da ke cikinsa taka ce: duk maɓallin da za ka danna a kwamfutar nan, ka tsaya ka tambayi kanka, a ƙarshen wannan akwai mutum? In akwai, wane ne? Kai a allonka sunan akwati ka gani da wasu lambobi. Ba ka ga tsohuwa ba a kan gado da waya a hannu.

Ba a jima ba na shiga gaida Dije na iske ta ta juya fuska bango. Na ce, "Ke kuma lafiya, ko gwiwar ce?" Ta ce ba gwiwa ba ce. Ta ce, "Ige, Luba ba ta son magana da ni. In na kira, da fuskarta ta fito, kafin in ce ina kwana, sai ta kashe. In sake, ta sake kashewa. In ita ta kira ma, ina ɗauka sai ta katse, kamar dai don a ce ta kira. Mi na yi wa yarinyar nan? Ko don na ce kada ta haihu a can ta dawo gida?" Luba kuwa tana da tsohon ciki a lokacin. Sani ya zo ya duba, ya ce akwatin ne ya tsufa, ya sayo sabo. Sabon ma haka. Ya ce wa uwarsa matsalar sabis ce. Ta ce rufa wa ƙanwarsa asiri yake, ina aka taɓa ganin sabon abu ya lalace ranar da anka kawo shi?

To ni da nake aminiyarta, mi na ce? Na ce, "Haƙuri za ki yi, Dije, ɗiyan zamani haka suke, in sun ga ƙasar waje sai uwa ta zama kaya." Wallahi haka na ce mata. Na zo lallashi na ƙara mata gishiri a ciwo. Na ɗora wa yarinya mai ciki laifin da ba ta san da shi ba, don kawai bakina ya riga hankalina. Ka ga inda ka gado halinka. Ni na tuhumi Luba ban bincika ba, kai ka tuhumi akwatin uwarta ba ka bincika ba. Bambancinmu, ni ban yi digiri a kan abin ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma, ranar da za ka tafi ka shiga yi wa Dije sallama. Ka durƙusa, ta shafa kanka, ta sa anka sayo maka kilishi mai yawa ta ce ka ci a hanya. Ka karɓa! Ka ci! Kana tauna kilishinta a mota, fayafayanka suna nan suna korar ɗiyarta daga fuskarta. Ja'iri.

Bayan tafiyarka ƙorafin safe bai daina ba. Kana ji? Bai daina ba. Ɓarawon da ka ɗaure yana ɗaure, sata kuma ana yi. Baffanka ya gaji ya ɗauko wata injiniya daga Gidan Dahala, Asma'u sunanta. Yarinya mai ladabi, ta durƙusa har ƙasa ta gaida ni, ba irin gaisuwarka ta tsaye ba kamar soja. Ita ba ta zauna ƙarƙashin darbejiya ba. Ta zo da sassafe, ta ce lokacin da abin ke ciwo shi ne lokacin duba shi. Ta ɗauko wani abu kamar waya mai ƙaho, tana tafiya tana kallon allonsa, aji aji, lungu lungu, har bayan bene. Allon yana nuna abin da ke yawo cikin iska, inda ya yi tsit kore, inda ake hayaniya ja.

Ta iso baranda daidai ina sa tuwon jiya a akwatin ɗumame na lantarki. Ka tuna shi, wanda Gwaggonka Nana ta kawo mini tun tuni, yana aje saman kabet ba wuta, sai da anka ja mini sola daga makaranta na fara morar sa. Na rufe, na danna. Sai na ji yarinya ta ce, "La ilaha illallahu!" Na juyo. Allonta ya yi jajawur kamar an zuba manja.

Ta ce, "Inna, don Allah ɗan kashe."

Na kashe. Allo ya koma kore.

"Ɗan sake kunnawa."

Na kunna. Ja.

Ta riƙe ƙofa tana dariya har mayafinta ya zame. Ta ce, "Inna, ɗumamenki ne."

Na ce, "Ɗumamena ya yi mi? Yarinya, ki iya bakinki, tun kafin a haifi ubanki nake ɗumame, ba wanda ya taɓa kai ƙarata."

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Wai akwatin ɗumamen da irin igiyar iskar da fayafayanka ke magana da ita yake dafa abinci, ƙofarsa kuma ta ɗan saki, yana yoyo. In na kunna, sai ya cika wurin da ihu, faifan da ke bayan bango ya kasa jin kowa. Ta ce akwatin Dije ko da yana layi ɗaya da naku, mai ladabi ne, in wani yana magana yakan jira ya gama, kuma da ka matsar da naka zuwa wani layi shi ke nan. Na ɗumame shi ne ba ya jiran kowa. To ni dai ka ji, ba ni karɓar wannan laifi. Madafata tana wurin tun kafin a aza tubalin makarantar. Wanda ya zo ya liƙa faifai a jikin bangon madafa, bai leƙa ya ga mi ke ciki ba, shi za a tambaya. Nasiha ta uku: ka tashi daga kan kwamfuta ka taka ginin da ƙafarka. Ka leƙa bayan bango. Ka zo a lokacin da abin ke faruwa. Ka tambayi mai girki, "Iya, mi kike kunnawa da safe?" Da ka yi mini wannan tambaya, da ka samu amsa da ɗumame a kai.

Asma'u ta ci ɗumamen ma, da man shanu, ta yaba. Ta sa anka cire faifan anka matsar da shi can ƙarshen baranda. Sannan ta buɗe kwamfutarta ta leƙa inda kake kiwon fayafayan. Ina kallon fuskarta, dariyar ta ɗauke.

Ta ce, "Wa ya kunna wanga abu?"

Baffanka ya ce, "Wane abu?"

Ta ce, "An sa fayafayan suna korar wayoyi daga akwatin maƙwabta. An yi shi ne don in wani ya shigo a ɓoye ya soka akwatinsa cikin wayar makaranta yana leƙen asiri. Ba a yi shi don maƙwabci ba. Wanga akwati yana gidansu, bai taɓa wayarku ba. Iska ba ta makaranta ba ce ita kaɗai. Ko hukuma ta ji ba za ta yi dariya ba. Duk wanda ke gidan can, tun ranar da anka kunna wannan bai yi kira ya kai ƙarshe ba."

Bello, ina tsaye sai na nemi turmi na zauna. Na tuna darbejiya, na tuna tafin da na yi.

Na ce, "To kashe shi, ɗiyata, yanzu yanzu."

Ta ce ba ta iyawa. Wai lambar sirrin da ka bar wa Baffanka ta kallo ce kawai, ta leƙawa ta taga. Babbar, wadda ake buɗe ƙofa a canza abu, ka sa ta aljihu ka tafi da ita Abuja. Ta zare faifan da ke kusa da katangar Dije, na bene sunka karɓi aikin tsawar. Ta ce sai dai a goge komi a sake daga fari, Baffanka ya kama kai ya ce yara suna cikin jarrabawa a alluna, a rufa mashi asiri. Ko ƙarfin da ka ƙure, da take son ragewa don fayafayan su daina danne muryar juna, ko mayar da ofis kan wani layi na sama da ta ce ɗumame ba ya kaiwa, duk ba ta da iko. Mi za ka yi da makullin gidan da ba ka ciki? Ko so kake a riƙa kiranka ana roƙo don a san kai ne? In ka faɗo daga tsani fa, Allah Ya kiyaye, sai a rufe makaranta? A sabon wurinka, duk makullin da ka riƙe, ka tabbata mai gidan yana da irinsa. Mutumin da ba a iya komi sai da shi, ba ƙaunarsa ake ba, jiran ranar rabuwa da shi ake.

Baffanka ya kira ka a gabana. Na ji muryarka da kunnena: "Baffa, zan duba in na samu sarari, sabon wuri ne, aiki ya yi yawa." In ka samu sarari! Asma'u ta ce abin bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Na san mi ke damunka, ai ni na raine ka. Kunya ce. In ka kashe, ka yarda ka yi kuskure, kuma mace ce ta gano. To ka ji da kyau, kunyarka ba ta kai hawayen Dije tsada ba.

Na je na faɗa mata da bakina. Na ce, "Dije, ba Luba ba ce ke katse ki. Bello ne." Na kwashe komi na faɗa, har da tafina. Ta juyo ta dube ni. Ta ce, "Bellon da na goya?" Na ce shi. Sai ta fashe da kuka, amma ba don kai ba. Cewa take, "Ashe yarinyata ba ta yi fushi da ni ba. Ashe ita ma tana can tana cewa ni ke kashewa." Da ta share hawaye kuma, ka san mi ta ce? "Kada ki yi mashi faɗa, Ige, yaro ne, bai sani ba." Wannan ya fi komi tunzura ni. Ita ta yafe, ni ban yafe ba, tunda ni ke aurenka.

An ce mini ginin da anka ba ka a Abuja asibiti ne mai hawa da yawa, fayafayansa sun fi na Baffanka ninki ba ninki. To can in allonka ya yi ja, kada hannunka ya riga idonka. Ka fara sanin mai ihun, na gida ne ko na waje, mai magana ne ko mai ɗumame. In na maƙwabci ne, ka sa takalmi ka je ka yi sallama, ku raba layi, kai ka ɗauki wanga shi ya ɗauki wancan. Nan tsohuwa ka raba da ɗiyarta. Can ban san wa za ka raba da mi ba, kuma ba Dijen da za ta ce yaro ne.

Yanzu ga magana. Luba ta sauka lafiya, mace anka samu. Sani ne ya kawo labari daga waje, don uwar ba ta samu ji daga bakin ɗiyarta ba. Suna ranar Juma'a mai zuwa, kuma Hadiza za a sa mata, takwarar Dije. Za su kira daga can don kaka ta ji raɗin suna ta ga fuskar jinjira. Sani ya ce zai ɗauke ta a kujera ya fito da ita bakin titi inda sabis ke kamawa. Na ce ba a isa ba. Matar da ta girme ni ba za ta ga takwararta a bakin kwata ba, babura na watsa mata ƙasa, don jikana yana jin kunya. A kan gadonta za ta gan ta.

Asma'u za ta ɗauki hoton wagga takarda ta tura maka a waya, don haka ba zancen direba ya ɓatar. Abu uku nake so. Ka kashe tsawar nan. Ka ba Baffanka babbar lamba. Ka kira Dije, a kan akwatin nata, fuska da fuska, ka gaya mata da bakinka, kuma kiran ya kai ƙarshe.

Ranar Juma'a da hantsi ina gefen gadon Dije, taɓaryata tana jingine bakin ƙofa, na riga na kai ta can. In fuskar jinjirar nan ta tsaya cak ko sau ɗaya, zan tashi in shiga makarantar Baffanka, in bi fayafayanka aji aji in sauko da su, jarrabawa ko ba jarrabawa. Ka san na iya hawa turmi. Daga nan kuma ka aiko mini da takardar sakina, don na ga injiniyar da ta fi ka, kuma ta ce tana da ƙane.

Allah Ya tsare mini kai a inda kake, Ya ba ka abokan zama na gari, Ya sa ka gama da manyanka lafiya, Ya tsare ka daga faɗuwa da kamun wuta da taurin kai. Allah Ya dawo mini da kai da ƙafafunka, ka iske ɗumamenka da zafi.

Ni ce uwargidanka, har zuwa Juma'a,
Inna Ige.